Takardun Majalisa a Hannun Masu Ƙosai

Ku da kuka samu injin nan mai huda takarda ya zura mata roba, gani kuke ɗinkin littafi wasan yara ne. Jiya ma ɗayanku ya leƙo shago ya ce, "Baba Iliyasu, har yanzu allura?" Eh, har yanzu allura. Ku kawo mini littafin robarku bayan ya sha damina biyar a Nima, mu gani in zai buɗu bai zube ba. Ku ture kwalin nan ku zauna. Zan ba ku labarin littafi ɗaya tak, wanda ya ci mini shekara goma sha uku kafin in sa masa zare.

Ina ɗan shekara sha biyar mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Hamidu, da goro da farin zakara. Shagon nan da kuke zaune shi ne shagonsa, sai dai a lokacin rufin ya fi haka ɗiga. Malam mutumin arewa ne, ya zo Ankara tun yana saurayi, sana'arsa gyaran Alƙur'ani da littattafan malamai. Kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba: basilla ta huda, allurai uku, zare da kakin zuma, wuƙar feƙe fata, da wani ƙashin saniya da ya yi santsi don tsufa, da shi ake lanƙwasa takarda. Sai katako biyu masu ƙusa da muke matse littafi a tsakaninsu. Wata shida na yi ban taɓa allura ba. Aikina dama sitacin rogo, in zuba masa garin kanumfari don kada kyankyaso da gara su yi biki a kansa. In ya yi gudaji Malam ya lakato da yatsa ya shafa mini a goshi, in yini da shi a haka kowa yana gani.

A sana'armu, yaro ba ya zama mai kansa sai maigidansa ya sallame shi. A tara malamai da manyan sana'a, a raba goro, a yi addu'a, maigida ya miƙa maka kayan aiki da hannunsa. Ku yaran yanzu firidom kuke ce mata. In ba a yi maka ba, ko furfura ka yi yaron wane ne kai, ba ka rubuta sunanka a ƙofar shago. Ni kuwa tun shekarata ta uku ba abin da nake mafarki sai ranar nan.

Aikin majalisa ya zo mana ne ta hannun Mista Kwate, wani dogon mutum ɗan ƙabilar Ga mai kula da ɗakin ajiyar takardunsu. Lokacin farar hula sun karɓi mulki, majalisa tana zama. Duk abin da aka faɗa a zauren, masu rubutu suna ɗauka, a buga da tafireta, a bi da jan alƙalami a gyara. Wannan gyararren shi ne uwar takarda, in an yi gardama gobe kan wane ya ce kaza, shi ake buɗewa. Layin jira a maɗaba'a ya yi musu tsawo, shi kuwa Mista Kwate ya ga wani Alƙur'ani da Malam ya yi wa direbansu, ya juya shi ya juya, ya ce a kai shi wurin mai wannan hannu. Ya sauko daga motar haya ta trotro da takalmi mai ƙyalli, ya tsallake kwata, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Malam, aiki ya zo. Amma wannan takarda, in ɗaya ya ɓata, ni ma na ɓata."

Malam ya ce, "Amana ce ke nan. Ajiye."

To ga inda rigimata da Malam ta fara. Shi ba ya karanta boko. Kuma a wurinsa ba a taɓa tarin takarda sai an bi ta shafi-shafi an rubuta a gindin kowane shafi kalmar farko ta shafin da ke biye. Haka malaman zamanin da suke yi wa littattafansu na warwara, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowane gurbinsa. 'Yar jagora yake ce mata. Saboda haka sai in zauna gefensa in karanta masa kalmar Turanci, shi kuma ya rubuta yadda ya ji ta da ajami, da fensir, ƙanana ƙanana a kusurwar hagu. Shafi ɗari huɗu, ɗari biyar, haka za mu yini. Ni ina "Mista Sipika", yana rubutawa. Ina "dat", yana rubutawa.

Wata rana na gaji na ce, "Malam, ai Turawa sun sa lamba a sama."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zaman Talata daga nawa ya fara?"

Na ce daga ɗaya.

"Na Laraba fa?"

Na duba. Daga ɗaya. Kowace ranar zama lambarta daga ɗaya take farawa, shafi na bakwai kaɗai sun fi talatin a cikin tarin. Ya ce, "To karanta mini, sarkin lamba." Sunan nan ya bi ni har na yi aure.

Shafin ƙarshe ne kawai ba ya buƙatata, tunda babu kalmar da ke biye. Nan yakan aike ni sayen goro, ya rufe da 'yan kalmominsa shi kaɗai, ya ɗaure tarin da kansa. Sai washegari a kwance, a kasa goma-goma, a huda gefe da basilla, a ɗinka kashi kan kashi da zare mai kaki. A shafa sitaci a baya, a bubbuga da guduma har ya yi ƙugu, a sa kwali, a ja masa jar fatar akuya. Littafi uku muka yi wa majalisa a haka. Ni nake hudawa, shi yake ɗinki. Ban taɓa ɗinka na majalisa da hannuna ba.

Na huɗun ya zo dab da hutun ƙarshen shekara. Muka yi masa 'yar jagora kwana biyar, Malam ya aike ni goro, ya ɗaure ya sa a buhu. Ya ce wannan kada in taɓa, yana jiran wata fata ta musamman daga arewa. Fatar ba ta iso ba muka wayi gari rediyo yana kiɗan soja. Aka rufe majalisa. Mista Kwate bai zo ba, bai aiko ba. Buhun ya zauna a bayan katakon matsi, muna ɗora masa tabarma.

Sai shekarar yunwa. Ku ba ku san ta ba, Allah kada ya nuna muku. Ruwa ya ƙi, wuta ta cinye gonaki, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya sun cika kowane ɗaki a Nima da Maamobi. Mutum ya bi layin dokunu, tuwon masaran nan da ake naɗewa a ganye, tun ɗanye, ya biya, ya tsaya jiran ya dahu. Sitacin rogo da muke manne littafi da shi, wa zai yarda ka shafa wa takarda? Sha ake yi. A cikin wannan hali ɓarin jikin Malam ya shanye, ya kwanta. Matarsa Mma Hawa tana da jikoki huɗu a gabanta, ta sayar da tasoshinta har ta kai ga na aure.

Takarda ma ta yi tsada a lokacin, don jarida ba ta samuwa, masu ƙosai da gyaɗa da soyayyar doya ba su da abin naɗi. Na dubi buhun nan na ce a raina, majalisar ta mutu, masu maganar wasu suna tsare wasu sun gudu, wa zai tambayi abin da aka ce kan kuɗin gyaran gada? Na ɗauke shi a ka na kai wa wani dillalin takarda a kasuwar Nima. Ban ko kwance shi ba. Na dawo da olonka biyu, wato mudun gwangwani, na garin rogo da ɗan masara, na ce wa Mma Hawa wani tsohon aiki ne aka biya. Kwana tara ana ɗora tukunya a gidan. Da hannuna na ba Malam kunun masarar a baki.

Bayan kamar wata biyu ya fara takawa da sanda. Ranar da ya fara zuwa shago, bai zauna ba, ya tura sandar bayan katako. Ya sake turawa. Ya ce, bakinsa a karkace, "Iliyasu, ina amanar mutane?"

Na faɗa masa gaskiya. Na so ya zage ni, wallahi na so ya ɗaga sandar nan. Sai kawai ya ce, "Kunun da na sha ke nan?"

Na ce eh.

Ya ce, "To mu biyu muka ci. Ni ƙafata ba ta zuwa, kai za ka nemo. Kuma ba zan yi maganar sallama da kai ba sai littafin nan ya cika."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na fita ba ni da ko ɗan tsammani. Takardar da aka sayar wa masu ƙosai wata biyu da suka wuce, ina za ka gan ta in ba a kwata ba?

Dillalin yana hango ni ya miƙe. "Kai! Kai ne ka kawo mini takardan da ya ɓata ni da mata! Kowa ya saya ya dawo yana zagina, wai ina so in sa su a wuta." Na tsaya ban gane ba. Ya jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin tebur, ya nuna mini kusurwar hagu. "Ga shi nan! Rubutun Larabci! Wa zai naɗe ƙosai da sunan Allah?"

Jama'a, 'yar jagorar Malam ce. Matan Zongo sun ga baƙaƙen Larabci a gindin kowace takarda, yawancinsu ba su iya haɗa baƙi ba, amma sun san abu ɗaya tun suna yara: takardar da ke da irin wannan rubutu ba a taka ta, ba a jefar da ita, ba a sa mata mai. Wasu sun mayar wa dillali. Wasu sun ce sun riga sun biya, suka kai gida suka adana. Na zauna a ƙasa cikin kasuwa ina dariya, hawaye na zuba, mutane suna zagaye ni.

Wata huɗu ina yawo. Da safe in yi ɗan aikin da ya samu, da rana in bi lungu-lungu daga Nima zuwa Maamobi har bakin Kanda, ina sallama ina tambayar masu tuya. Wata ta ciro mini ashirin daga cikin rufin kwano, sun yi baƙi da hayaƙi. Wata ta ajiye nata a ƙarƙashin adikon sallarta. Wata mai gyaɗa ta riga ta naɗe wa mutane shida kafin ta lura, ta tashi ta bi su gida-gida ta karɓo, ga tabon mai har yau a jiki. Wasu na zaro su daga tsagar bangon masallaci, inda masu wucewa suke cusa irin wannan in sun tsinta a ƙasa. Ba wadda ta nemi ko sisi a hannuna, a shekarar da sisi yake rai. Abin da suke cewa kawai, "Ɗana, kai wa malaminka, ya sa mu a addu'a."

Wanda ya fi ba ni wahala wani malamin makarantar allo ne a Maamobi. Mata sun tara masa kusan sittin don ya ƙona su yadda ya dace. Shi kuwa ya karanta ya ga ba aya ba ce, ba hadisi ba, ga "sipika" ga "dat" ga "onarabul". Sai ya yanke cewa wani babban asiri ne na samun mulki, ya kulle a akwati. Sau uku ina zuwa yana ce mini bai san zancen ba. Sai da aka ɗauko Malam Hamidu a bayan keke, suka gaisa, Malam ya karanto masa kalmomin da ka, ya ce, "Asirin ke nan, ɗan'uwa. Ni na rubuta, ko ƙofar majalisar ban sani ba." Malamin ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya buɗe akwati.

Sai haɗawa. A nan ne sarkin lamba ya ci ƙasa. Shafi na bakwai talatin da wani abu a gabana, wasu ma ɓera ya cinye saman. Muka shimfiɗa tabarmi uku, Malam ya ɗauki shafi ya kawo kusa da idonsa ya karanta 'yar jagora, ni in bi tari ina neman wanda ya fara da kalmar, in karanta ƙarshen wancan da farkon wannan in ji ko maganar ta haɗu. A nan na fara karanta abin da ke ciki da gaske. Wani ya roƙi famfo don ƙauyensu, wani ya yi faɗa kan farashin ragar kamun kifi, wani ya tashi sau huɗu ba a ba shi dama ba. Malam yakan ce in fassara masa, ya girgiza kai ya ce, "Mutum ya buɗe baki don mutanensa, ka ga bai kamata a naɗe doya da shi ba."

Duka suka dawo, ni kaina har yau ina mamaki. Duka, ban da ɗaya. Shafin da ya zo mana a ƙarshe yana cewa an ɗage zama, a gindinsa kuma Malam ya rubuta "ontil", wato sai. Sai yaushe? Shafin da zai faɗa babu shi. Na ce, "Malam, layi biyu ne fa ko uku, mu sa farar takarda a gurbin." Ya ce ba a ɗinka amana da giɓi. Muka matse tarin tsakanin kwali biyu, na ci gaba da tambaya. Ba lungun da ban koma sau biyu ba.

Shekara biyu bayan haka Malam ya rasu, ranar wata Alhamis bayan la'asar. Bai sallame ni ba. Mma Hawa ta miƙo mini jakar kayan aikinsa ta ce in riƙe shagon, na riƙe, amma sunansa na bari a ƙofa. Manyan sana'a suka ce za su taru su yi mini addu'ar a madadinsa, na ce a'a, ya faɗi sharaɗinsa a kunnena. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, ana ce mini yaron Malam Hamidu.

Da farar hula suka dawo aka sake buɗe majalisa, sai ga Mista Kwate, ya tsufa, yana dogara lema. Ya ce ana tattara tsofaffin takardu, na wancan zaman na ƙarshe ba a samu cikakke a ko'ina ba, shi ma ya zo ne kawai don kada a ce bai zo ba. Na sauko masa da tarin. Ya ga tabon mai, ya ga hayaƙi, na ba shi labari, ya cire tabarau yana goge ido. Ya ce, "Ɗinka shi haka, shafi ɗaya ba komai." Na ce ya kai a ɗauki hotonsu a inji ya dawo mini da su, amma zare ba zan sa ba. Ya ce, "Kai da masta naka, kanku ɗaya." Ya yi yadda na ce.

Shekara biyu kuma suka wuce. Wata safiya wata tsohuwa ta yi sallama, Mma Memuna, da Alƙur'ani a naɗe cikin zane. Ta ce da can ƙosai take yi a Maamobi, yunwar nan ce ta kore ta Bawku wurin 'yarta, sai bana ta dawo. Fatar Alƙur'anin ta ruɓe, tana so a sabunta. Na yi alwala na buɗe. A tsakiya, wajen Yasin, ga wata takarda a ninke huɗu, ta yi ja don tsufa. Ina ganin bugun tafireta na kai hannu na ɗauko ta.

Ta ce, "Kada ka yar da wannan, ɗana. Sauran na bar wa surukata, amma shi wannan na gani da idona, akwai sunan Allah sosai a ciki. Na ɗan yi allo, na san sunan Allah in na gan shi."

Na warware. Layi uku ne na Turanci, farkonsu "ontil", sai ranar da za a dawo zama, zaman da ba a taɓa yi ba. A ƙasa kuma ga fensirin Malam, ƙanana kamar kullum, sai dai wannan karon ya yi layi biyu cikakku:

"Tammat bi hamdillahi, a watan Safar. Wannan littafi Iliyasu ɗan Musa ne zai ɗinka shi da hannunsa. Ya iya. Na sallame shi, Allah ya yi masa albarka."

Na karanta sau uku. Fatar da yake jira daga arewa, ashe tawa ce, ta littafin sallamata. Ranar da ya aike ni sayen goro ya rubuta wannan, tun kafin soja, tun kafin yunwa, tun kafin in ɗora buhun a kaina in kai kasuwa. Ya san abin da ke shafin nan duk tsawon watannin da nake yawo, bai taɓa faɗa mini ba.

Mma Memuna ta leƙo takardar ta ce, "Addu'ar mece ce? Shekaru ina so in tambaya."

Na ce, "Mma, tawa ce. Ke kika riƙe mini."

Kwana shida na yi ina ɗinkin, ban bari kowa ya taya ni ko da huda ba. Mista Kwate ya zo ya karɓa da hannu biyu. Ranar Juma'a na sayi goro, Mma Hawa da Mma Memuna suka zauna a kan bencin nan, malamai suka yi addu'a, ina da shekara talatin da biyar da furfura a gemu. Mai fenti ya zo zai goge sunan Malam a ƙofa, na ce kada ya taɓa, ya rubuta nawa a ƙasa.

Ku fita ku duba, yana nan. Kai kuma mai tambayar allura, miƙo mini fensirin can, ka ɗauki shafi na biyu ka karanta mini kalmar farko.